Ba makirufon ba ne, ɗakin ne

Malam, ka ce ka sayi sabon makirufo a Gusau amma in ka ɗauki sauti muryarka na fita da amsa-kuwwa da ƙugi, ko ka canza shi? Kada ka canza tukuna, ɗakin za ka fara gyarawa. Bangon siminti da tayil suna mayar da sauti, makirufo kuwa yana ɗaukar sautin da ya dawo tare da muryarka.

Koma ɗaki mai katifa da labule, ka rataya bargo a bayanka, ka kashe fanka ko da ana zafin Afrilu. Tsakanin bakinka da makirufon kada ya wuce tafin hannu. Ƙugin kuma, a wurina yawanci daga cajar kwamfuta yake, musamman in janareta ke aiki. Zare ta, ka ɗauki muryar da batirin kwamfutar. In bai tafi ba, duba wayar makirufon.