Furen da jikin magajiya ya ƙi

Tambaya: Ina rubuta labarin almara a kan wani gida da sihirinsa ke cikin wani fure. Magajiyar gidan da ta kusanci furen sai jikinta ya yi bori, har yayanta ya karɓi aikin a madadinta. Ciwon nan zai ɗauki ma'ana, ko ado ne kawai?

Amsa: Zai ɗauka, Malama, in kika bar ciwon ya bi hanyarsa ta zahiri. A borin jini furen ba dafi gare shi ba. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da ba ya cutarwa a matsayin maƙiyi, ta saki sinadarin histamin, sai atishawa, ƙaiƙayi, kumburi, wani lokaci numfashi ya sarƙe. Mai gadi ne ya far wa ɗan gida. Ki dubi dangin labarinki da wannan idon: tsaron da suke mata shi ke shaƙe ta.

Abu na biyu ya fi amfani, kuma shi marubuta suka fi mantawa. Haɗuwar farko ba ta kawo bori. Jiki sai ya san abu kafin ya ƙi shi. Don haka kada ki sa ta faɗi ranar da ta fara ganin furen. Ki bar ta ta yi shekaru tana ba shi ruwa lafiya ƙalau, sannan ya juya mata baya. Kuma sauƙin kamuwa da borin yana bin jini, ko da abin da ke tayar da shi ya bambanta. Yayan nan da ya shiga gonar, shi ma ba tsira ya yi ba.

Ki zaɓi irin ciwon. Ƙurar fure da aka shaƙa cikin mintuna take bayyana, a gaban kowa. Ƙurajen taɓa ganye kan ɗauki kwana 1 zuwa 3, ana kuma rufe su da hannun riga. Ni dai na biyun zan ba yayan, don sadaukarwar da ake ɓoyewa ta fi cin rai.

Inda labarin kan lalace shi ne babin ƙarshe, a kawo wani tsimi ya warkar da kowa dare ɗaya. Ko a asibiti, sabar wa jiki da abin da ya ƙi, kaɗan-kaɗan, shekara 3 zuwa 5 yake ci. In za ta warke, mai karatu ya ga wanda ya riƙe gonar duk tsawon shekarun, ya ga hannuwansa.