Adashena ya fito, in gina tanderun piza a gida?

Wata ƴar kasuwa daga unguwar Bukoki a Yamai ta aiko da tambaya: "Malam, ina sayar da gato a gida, kuma yankewar kuran, wato wutar lantarki, ta sha lalata mini kwaɓi. Adashena ya fito, jikka 300. Ɗana ya nuna mini a waya yadda ake gina tanderun itace na gasa piza a bayan gida. In zuba kuɗin a ciki, ko in haɗa da bashi in yi babba?"

Hajiya, Allah ya sa wa adashen albarka. Ki gina, amma ƙarami, kuma kada ki ci bashin ko dala a kansa. Ginin tanderu sau ɗaya ake biyansa. Itace da cuku kuwa kullum za su riƙa cin kuɗinki, don haka can ne ya kamata lissafinki ya tsaya.

Ginin bai fi ƙarfin maginin unguwa ba in an tsaya masa a kan awo. Faɗin ciki santimita 90 ya ishe ki, zai ɗauki piza biyu ga wuta a gefe. Tsayin rufin daga daɓe ya kai wajen santimita 40, ƙofar kuma 25, wato kusan kashi 63 cikin ɗari na tsayin. In ƙofa ta wuce haka zafi ya tsere, in ta gaza wuta ta shaƙe. A jera jan bulo gasasshe a daɓen, a ƙarƙashinsa a shimfiɗa kwalabe cikin laka don kada ƙasa ta zuƙe zafin. A tara jiƙaƙƙen yashi a yi siffar rufin, a lulluɓe da takarda, a shafe da yumɓu kashi ɗaya da yashi kashi biyu zuwa uku, kaurin santimita 10. In ya ɗan sha iska a kwashe yashin ta ƙofa. Daga nan sai riga ta biyu, ta laka da ɓuntun shinkafa, ita ce mai riƙe zafi, kuma ita magina suka fi son su tsallake. Kada ki yarda. Siminti na gini kada ya kusanci wuta, fashewa yake yi. In kina son sanin yumɓu mai kyau, masu ginin tukwane na ƙauyen Bubon sun fi kowa saninsa, ƙarfen ƙofa da kwanon rumfa kuma kasuwar Katako ta ishe ki. Rumfar dole ce, domin ruwan Yuni zuwa Satumba zai narkar da laka. Ki gina da rani, ki bar shi ya bushe, ki fara da ƴar ƙaramar wuta kwanaki a jere kafin ki hura ta gaske.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya da ni. Piza irin ta birnin Napoli na Italiya tana gasuwa a zafin da ya haura digiri 430, cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kafin tanderu ya kai nan sai ya ci itace awa ɗaya zuwa biyu, har baƙin hayaƙin da ke rufin ya ƙone ya koma fari. Wannan itacen za ki biya shi ko piza uku kika gasa ko talatin. Kin kuma san yadda itace yake a Yamai: daga nesa ake jigilarsa, ta hanyar Torodi da Say, kuma da damina busasshe wuya yake yi. Mai hura tanderu don mutum biyu da suka kira waya, asara take yi tana ganin ciniki ne.

Saboda haka kowace wuta ki ci moriyarta har ƙarshe. In an gama piza aka kwashe garwashi aka rufe ƙofa, zafin yana sauka a hankali cikin awoyi. A wajen digiri 230 burodi ya shiga. Ya ƙara sauka, ga gatonki da kuran ke ɓata miki. Bayansa kaji ko nama na masu suna da biki, a ƙarshe gyaɗa. Ni a ganina gaton da burodin ne za su riƙe sana'ar, tunda kina da masu sayensu tun yanzu, piza ta zama ƙari na daren Juma'a da Asabar. Ki sanar ta WhatsApp, ki karɓi oda da rabin kuɗi kafin la'asar, sannan a hura wuta. Aikin yamma ne, don a watan Afrilu babu mai iya tsayuwa gaban tanderu da rana tsaka.

Lissafin piza ɗaya mai sauƙi ne. Kilo ɗaya na fulawa da ruwa kusan mililita 600 yana ba da curi shida na giram 250. Kowace piza tana cin cuku giram 80 zuwa 100, wato kilo ɗaya ya yi goma zuwa goma sha biyu. Ki je ki tambayi farashin mozarela, wato cukun piza, da kanki, ki raba shi goma, za ki ga shi ne kaso mafi nauyi. Daga waje ake kawo ta, tana son firji, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar kaya ta ƙara tsawo. Cukunmu na gargajiya busasshe ne, ba ya narkewa ya yi yauƙi irin nata, amma a goge shi a barbaɗa yana ƙara ɗanɗano, ya rage miki yawan na kanti. Albasar Galmi, tattasai, niƙaƙƙen nama, duk suna hannunki. Tumatir yana araha da sanyin hunturu, ki dafa miyarsa da yawa a lokacin. Ki haɗa kuɗin kwali, da na yaro mai babur, da ladan hannunki, da rabon itacen wannan daren. In farashin da ya fito ya fi ƙarfin mutanen unguwarki, ki yi ƙanana ko ki sayar yanka-yanka, ƴan makaranta za su saya.

Jikka ɗari ukun ki kasa su uku. Kashi ɗaya na gini da rumfa da cebur ɗin gashi, kashi ɗaya na fulawa da cuku da itacen wata biyu, na ukun ki ajiye kada ki taɓa, don makonnin farko za ki ƙona wasu, wasu kuma ki ba maƙwabta su ɗanɗana.

Maƙwabtan nan ki same su tun kafin a aza tubalin farko. Ki sa tanderun nesa da zana da ɗakin kwana, bututun hayaƙi ya wuce katanga, kada a hura da katako mai fenti ko leda domin gubarsu tana shiga abinci. In gidan haya kike, ki nemi yardar mai gida tukuna, tanderu ba ya tashi ya bi ki in kin ƙaura. Ki riƙe ɗan littafi na wata uku, kina rubuta itacen kowace wuta da abin da ya fito daga cikinta. In ya nuna riba, ki sake rubuto mini mu duba zancen faɗaɗawa da na takardun magajin gari.