Tambaya da Amsa: Kansar Baba ta kai ƙashi, shin mu haƙura da magani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu mai shekara 69 ya daɗe yana fama da wahalar fitsari da ciwon ƙugu. Da muka kai shi asibiti a Katsina, aka ce kansar mafitsara ce irin ta maza, wato ta prostate, kuma ta riga ta kai ƙashin baya. An fara yi masa allura duk bayan wata uku, ya sami sauƙi har yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Yanzu kuɗin allurar ya fi ƙarfinmu, likita ya ce za a iya cire masa 'ya'yan maraina a maimakonta, Baba ya ce atafau. Shin ana daɗewa da wannan cuta, ko mu haƙura? Daga wani mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ana daɗewa da ita. Idan ta kai ƙashi ba a cika warkar da ita baki ɗaya ba, amma ana iya danne ta tsawon shekaru, mutum yana cin tuwonsa, yana kula da iyalinsa, domin ta bambanta da yawancin kansa ta wata fuska: sinadarin namiji da 'ya'yan maraina ke samarwa, wato testosteron, shi ke ciyar da ita. Tun a 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna cewa idan aka yanke mata wannan sinadari sai ta lafa, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Allurar da ake yi wa Baba, irin su Zoladex, abin da take yi ke nan.

Saboda haka sauƙin da kuke gani na allurar ne, cutar tana nan kwance. Idan aka yi ta tsallake allura, sinadarin zai dawo, ciwon ma ya biyo shi. A ganina, ga gidan da ba zai iya sayen allura a kan kari ba, tiyatar ta fi allurar yau-akwai-gobe-babu. Ƙaramin aiki ne da ake yi sau ɗaya, kuma amfaninsa daidai yake da na allurar. Abin da Baba ke gudu, raunin sha'awa da na mazakuta, allurar ma tana kawo shi, tare da zufa mai tasowa farat ɗaya ko cikin hunturu. Wannan magana ba ta ɗa da uba ba ce. Ku nemi amininsa ko ƙaninsa ya raka shi wurin likita, ku ba su wuri.

Ko an yi tiyatar, za a ci gaba da gwajin jini na PSA, mai nuna ko cutar na motsawa, lokaci-lokaci. Idan ya fara hawa, akwai sauran magunguna kamar abiraterone da docetaxel, waɗanda likitoci kan haɗa tun da farko idan da hali, akwai kuma gasa kansar da na'ura don kashe zogin ƙashi. Ku roƙi a tura ku sashen kansa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ku tambayi asusun tallafin masu kansa na Gwamnatin Tarayya, wanda wannan cuta ke cikin ukun da aka fara shi da su. Kada ku ji tsoron morfin, maganin zogi mai ƙarfi, idan likita ya rubuta, kuma duk wani saiƙo ko jiƙo da aka kawo masa ku sanar da likitan.

Tunda cutar tana ƙashin baya, akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Idan ƙafafunsa suka yi nauyi ko suka mutu, ko ciwon bayan ya tsananta ya zagayo kamar ɗamara, ko fitsari ya tsaya, ko ya kasa riƙe bayan gida, mai yiwuwa lakar baya ce ta danne. Ku kwantar da shi a miƙe, ku nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a ranar, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya jawo shanyewar ƙafafu.