Amsa kan ƙa'idar Rademacher da sarari mai awon nisa

Malam, ka tambaya ko ƙa'idar Rademacher ta 1919 tana aiki idan fankishin Lipschitz (wanda ba ya miƙa nisa fiye da wani ninki tsayayye) ya tashi daga Rⁿ (sararin lissafi na yau da kullum mai fuskoki n) zuwa kowane sarari mai awon nisa. A'a, ba kullum ba. Ƙa'idar ta ce irin wannan fankishin, idan daga Rⁿ zuwa Rᵐ ne, yana da derivatif (ma'aunin sauri da alkiblar canjinsa) kusan ko'ina. Ɗauki t tsakanin 0 da 1, ka tura shi cikin L¹ (sararin da ake auna nisan fankishin biyu da faɗin filin da ke tsakanin zanensu) a matsayin fankishin da yake 1 daga 0 zuwa t, sifili a sauran wurin. Ga kowane s da t, nisan hoton s da na t daidai yake da |s−t|, ko ƙwayar zarra bai ƙaru ba, amma babu inda wannan turawar take da derivatif.

Saurin tafiya yana nan, alkibla ce ta ɓace. Shi ya sa masanin lissafi Kirchheim, a 1994, ya koma auna nisa kawai, ya nuna cewa kusan ko'ina, idan ka matso sosai, nisan yana zama seminom, wato awon tsayi wanda zai iya ba da sifili ga abin da ba sifili ba. Wannan sakamako yana burge ni ƙwarai.