Ki riƙe kuɗinki tukuna, kada ki yi saurin sayen ekstenda

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai na ce kamar a gidana kika kwana. Rauta, wato na'urar da ke raba WiFi a gida, tana falo, sabis a cike, da kin shiga ɗakin kwana sai ya koma layi ɗaya, ɗakin yara na baya kuwa ko alamarsa babu, shi ne kike tambaya ko ki sayi ekstenda, ƙaramar na'urar nan da ke ƙara wa WiFi nisa. Don Allah ki dakata.

Ni ma abin da wani yaro ya sa na saya ke nan. Maƙwabciyata ce ta haɗa mu, wai injiniya ne. Ya zo da jaka a baya, ko inda rautar take bai leƙa ba, ya ce "Hajiya, ekstenda kawai za a sa, an gama." Ya je ya maƙala ta a soket ɗin ɗakin yara, wato daidai inda sabis ya riga ya mutu. Ya nuna min wayata, layuka sun cika fal. Na biya shi, har kuɗin keke na ƙara masa. Ashe layukan nan tsakanin wayata da ekstendar ne kawai. Ita abin da ta tsinto daga rauta shi take maimaitawa, in ba ta samu komai ba me za ta ba ki?

Ranar da abin ya fi ci min rai, 'yata ce take da intabiyu ta bidiyo ta neman tallafin karatu. Ta kwana tana shiri, ta yi kwalliya, ta rufe ƙofa. Ana fara tambayarta fuskokin mutanen suka daskare. Ta kwaso kwamfuta da caja tana ja a ƙasa ta yo falo a guje, ga baƙi 'yan barka cike, ga yara na ihu. Kafin ta sake shiga an wuce lokacinta. A bayan kujera ta durƙusa tana kuka, ni kuma ina ta kiran yaron nan, waya na ƙara ba ya ɗauka. Daga baya na hango shi a kasuwar Terminus ta nan Jos, muna haɗa ido ya tsallake titi. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, rainin hankalin ne. Na bar shi da Allah.

Ɗan ƙanwata ne ya zo hutu ya warware mana. Abu na farko da ya yi, ya tsaya jikin rautar ya buɗe bidiyo. Ki gwada hakan yau. In a nan ma yana ja, to matsalar daga waje take, tsakanin rautar da turken kamfani, babu ekstendar da za ta gyara. In mai SIM ce ki matsar da ita kusa da taga ki gani.

Tawa kuwa a cikin kabad ɗin talabijin take, a ƙasa, a can kusurwar falo. Kin san ginin Jos, bulo mai kauri, wani wurin har da dutse, in bene ne ga kankare mai rodi a ciki. Duk suna shanye sabis. Firij, babban madubi da tankin ruwa ma haka. Ya ciro ta ya ɗora a kan katako can sama a koridor, tsakiyar gida, nan take ɗakina ya samu.

Ki duba kuma ko sunan WiFi ɗinki biyu ne, ɗaya da 5G a ƙarshe. Wannan ba 5G ɗin layin waya ba ne, 5GHz ne, yana da sauri amma ba ya jure bango. Na 2.4GHz shi ya fi ratsa ɗakuna, shi za ki riƙa kamawa a ciki. Sai dai maikrowef ma a 2.4 yake aiki, kada ki ajiye rautar kusa da kicin. In gidan haya ne mai maƙwabta da yawa, a shiga saitin rautar a sa channel, wato hanyar da WiFi ɗin yake bi, a kan 1, 6 ko 11. Adireshin shiga saitin galibi yana rubuce a ƙasan rautar. Kina can ki canza lambar sirri, ni 'ya'yan maƙwabta na tarar suna jingina da katangata suna shanye min data, abin da iyayensu ba su taɓa ce min sannu a kai ba.

Ɗakin baya kam wayar intanet muka ja, wadda ake kira Cat6, tana kai mita 100 ba ta rage komai. Ya bi da ita ta cikin silin, ya haɗa da wata tsohuwar rauta a can. In dole sai ekstenda, a sa ta a rabin hanya inda sabis yake da ƙarfi, kuma ki sani ƙananan nan kan rage saurin kusan rabi.

Af, damina in an fara tsawar nan ta Jos ki zare komai daga soket. Ki gaya min gidan naki bene ne ko na ƙasa, kuma rautar mai SIM ce ko ta waya, sai in tambayar miki ɗan ƙanwar tawa.