Likita Ya Amsa: Hodar Hiroyin, Jinyarta da Hukuncin da Doka Ta Tanada

Tambaya: Likita, ɗana ya fara da maganin tari mai kodin, yanzu an ce hodar hiroyin yake zuƙa. Dangi sun ce a kai shi gidan mari. Mene ne shawararka? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, Allah Ya shirya mana zuri'a. Kodin da tiramol da hiroyin 'yan gida ɗaya ne, wuri guda suke kamawa a ƙwaƙwalwa, shi ya sa wanda jikinsa ya saba da ɗaya yakan nemi mafi ƙarfi idan na farkon ya daina yi masa aiki. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu amfani da hiroyin a Najeriya sun kai 87,000, masu shan irin su tiramol da kodin ba bisa ƙa'ida ba kuwa miliyan 4.6, kuma adadi na biyun ne ya fi tayar mini da hankali.

Ba na goyon bayan gidan mari. Sa'o'i 6 zuwa 12 bayan ya daina sha, hamma da majina da gumi za su fara, sannan amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi su tsananta a rana ta biyu ko ta uku, su lafa cikin mako guda. Babban haɗarin yana bayan fitowa, domin jikin da ya huta ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba, kuma ranar da ya koma ya sha kamar da, numfashinsa na iya tsayawa. Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, a yi masa gwajin ƙanjamau da ciwon hanta idan ya taɓa yi wa kansa allurar hodar.

Tambaya: An kama ƙanena da ɗan ƙulli, shi kuma mashayi ne, ba dila ba. Me doka ta ce? (Wani mai karatu daga Jos)

Amsa: Malam, ni likita ne, don haka ka gaggauta neman lauya. Sashe na 11 na dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ya tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hiroyin ko fataucinta ko sayar da ita, yayin da wanda ya mallake ta ko ya sha yake fuskantar ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a. A ganina hukuncin ya yi wa mashayi tsauri, tun da ɗauri ba ya warkar da jaraba, amma dokar ke nan.

Tambaya: Ta yaya ake gane mutum ya sha fiye da kima? (Wata mai karatu daga Sakkwato)

Amsa: 'Yar'uwa, za ki ga an tashe shi bai farka ba, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashinsa ya yi ƙasa sosai ko yana minshari mai gargada. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya shiga huhu. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti, a faɗi ainihin abin da ya sha don a yi masa allurar naloxone, maganin da ke karya ƙarfin hodar a jiki. Ƙarfinta yakan ƙare kafin na hodar, saboda haka ko ya farfaɗo kada a sallame shi nan take.