Game da sharhin Matthew Henry da ka yi tambaya

Malam, salama a gare ka. Ka ce ka ga babban littafin sharhin Matthew Henry a kan Littafi Mai Tsarki a shagon littattafai, kuɗinsa ya kusa cinye alawus ɗinka na wata, kana so ka san wane ne mutumin, kuma ko littafin zai amfani mai bishara na ƙauye. Na daɗe ina shirya wa'azi da shi, bari in gaya maka abin da na gani.

Ɗan fasto ne, an haife shi a 1662 a kan iyakar Wales da Ingila. A shekarar ce gwamnati ta kori masu wa'azi kusan 2,000 daga Cocin Ingila don sun ƙi amincewa da dokar da ta tilasta tsarin sujada iri ɗaya, babansa Philip Henry kuwa yana cikinsu. A gidan da aka sha wuya saboda koyarwa ya tashi. Ya ɗan taɓa karatun lauya a Landan, amma a 1687 ya karɓi kiwon wata ikilisiyar Presbyterian a birnin Chester, ya yi shekara 25 a can. Matarsa ta fari ta rasu wajen haihuwa, ya kuma binne wasu daga cikin 'ya'yansa tun suna jarirai. In ka karanta abin da ya rubuta a kan Ayuba ko Zabura za ka ji muryar wanda ya san zaman makoki.

Abin da ya sa littafin ya bambanta shi ne daga bagade ya fito. Kowace Lahadi yakan buɗe Tsohon Alkawari da safe, Sabon Alkawari da yamma, yana bin sura bayan sura yana bayyana wa jama'arsa. Sai a 1704 ya fara rubutawa. Shi ya sa kusan kowace aya sai ya tsaya ya tambaya: to, mene ne wannan ke nema daga gare ni yau? Maganar nan da fastocinmu ke yi wajen ɗaurin aure, cewa ba daga kan Adamu aka ɗauko Hawwa'u ba don kada ta mallake shi, ba kuma daga ƙafarsa ba don kada ya tattake ta, daga haƙarƙarinsa ne kusa da zuciya, tana nan cikin sharhinsa na Farawa sura 2. Da yawa suna faɗa ba su san inda suka tsinto ta ba.

Bai gama aikin ba. Ya koma Hackney kusa da Landan a 1712, ya rasu a Nantwich a Yuni 1714 yana kan tafiya, lokacin ya kai ƙarshen Ayyukan Manzanni. Daga Romawa zuwa Ru'ya ta Yohanna wasu fastoci 13 ne suka kammala da taimakon rubuce-rubucen da ya bari. Ni dai ina jin bambancin hannu, musamman a Ru'ya.

Yanzu ga inda za ka yi hattara. Turancinsa na shekara 300 ne, jimla ɗaya takan ci layi shida, bugun da aka matse cikin kundi ɗaya kuma rubutun ƙanana ne ƙwarai, da tocila ba ka yin shafi biyu ido bai yi ruwa ba. Ya rayu kafin a tono yawancin abin da aka sani yanzu game da ƙasar Isra'ila da tsofaffin rubuce-rubuce, don haka in tambayarka ta tarihi ce ko ta Ibrananci da Helenanci, nemi sabon sharhi ka haɗa. Yana yi wa jarirai baftisma, yana kuma da zafi kan Katolika irin na zamaninsa. In kai ɗan ECWA ne ko Baptist, ka san da wannan tun kafin wani dattijo ya tare ka bayan sujada.

Na taɓa zama a bayan wani saurayi ɗan makarantar Littafi Mai Tsarki da ya kwafe shafi guda, ya hau bagade yana juya shi Hausa kalma bayan kalma. Mata 'yan zumunta suka fara gyangyaɗi, wani tsoho ya sunkuyo ya ce mini, "Yaron nan da bakin wa yake magana?" Ni yadda nake yi, sai na karanta nassin da Hausa sau da yawa, na rubuta abin da na gani da kaina, sannan in buɗe Henry ran Juma'a in ga abin da ya wuce ni. Kusan kullum akwai.

Batun kuɗi kuwa, kada ka yi gaggawa. Littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, yana nan kyauta a intanet da manhajojin waya. Sauke shi, ka gwada da Zabura 23 da Luka 15 na wata guda. In ya karɓe ka, sai ka saya, amma ka duba bangon da kyau: akwai cikakke mai kundi shida, akwai kuma taƙaitacce da aka yanke fiye da rabi, masu shago kuwa ba kullum suke bambanta maka ba.